Ba Kowane Ciwo Ne "Sanyi" Ba

'Yar'uwa, farin ruwa marar wari, marar ƙaiƙayi, ba cuta ba ne. Amma in ya fara wari, ko kika ga jini bayan kwanciya da maigida, kar ki ce "sanyi ne" ki sayo magani a kasuwar Juma'a. Tafi Babban Asibitin Wudil a duba bakin mahaifa. Sankarar wurin takan yi shekaru shiru, ba zafi. Shi ya sa daga shekara 30 ake so ki gwada, ko lafiyarki ƙalau. Kuɗin mota kuwa, yi wa ma'aji magana a asirce, a cire daga asusun taimako. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allurar rigakafin HPV kyauta ce tun 2023.