Sunan da Uwa Ba Ta Kamawa

In ka shiga gida a Kano ka ji ana kiran yaro Abba, ko yarinya Ummi, da wuya ya zama sunan yanka ne. Galibi sunan kaka aka mayar, uwar yaro kuwa ba za ta buɗe baki ta kama sunan surukinta ba. Haka ɗan fari: sai ta yi alkunya, ta ce "yaron nan" ko "kai", shekara da shekaru. Miji kuma Malam ne, ko Alhaji, ko maigida.

Yaron da ya tashi a irin wannan gida, tun bai iya ƙirga goma ba ya san akwai sunayen da ake kewaye wa. Ba wanda ya zaunar da shi ya karantar da shi. Shi ne kuma kakarsa ke ce wa "mijina", tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba, ya rama da baƙar magana, tsakar gida ta kaure da dariya. Da zai gwada rabin wannan a gaban mahaifinsa, da ya gane kurensa.

Lafazi kuwa ba a hannun iyaye yake ba. A ce Basakkwace ya kwaso iyalinsa ya dawo Kano. Shi har ya tsufa "biyat" zai ce, da "zamna". 'Ya'yansa kuwa, da sun ɗan jima a Islamiyya da filin ƙwallo, sai ka ji "biyar" da "zauna". Masana harshe sun daɗe da lura cewa karin harshen abokan wasa yaro ke ɗauka. Shi ya sa Bazazzage ke cewa "matana" ba tare da ya ji wani banbaraƙwai ba, a zangon Kumasi kuma ake cewa "mace ya zo". Masu yi musu dariya, a ganina, sun manta cewa su ma ba su suka zaɓi unguwar da aka haife su ba.

Matsayi ma yana shiga baki. A 1962 William Labov ya zaga manyan kantuna uku a birnin Niyok na Amurka, yana tambayar ma'aikata kayan da ya san suna hawa na huɗu. Ya tarar ma'aikatan Saks, kantin masu hannu da shuni, sun fi na kantin talakawa furta harafin r a amsarsu ta "fourth floor", wato hawa na huɗu. Mu nan ba sai an je kanti ba. Saurari bafade yana "ranka ya daɗe", sannan ka ji shi da yamma a teburin mai shayi.

'Ya'yan Basakkwacen nan dai, in an je gida hutun salla, kakarsu kan yi musu tsiya wai sun zama Kanawa. Amma har yau ba wanda ya taɓa jin mahaifiyarsu ta kama sunan babban yayansu.