Raye-rayen Gargajiya na Ƙabilun Asali na Ƙasar Filifin

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan raye-rayen ƙabilun asali na ƙasar Filifin, da kayan kiɗansu, da matsayinsu a rayuwar masu su. Manufa ita ce ɗalibin adabin baka ya ga yadda rawa takan sauya ma'ana idan aka ɗauke ta daga wurin buki aka kai ta dandalin ƴan kallo.

Filifin ƙasa ce mai tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Sifaniyawa sun mulke ta daga 1565 zuwa 1898, sannan Amurka ta karɓa har zuwa samun ƴanci a 1946. Mafi yawan mazauna kwari da bakin teku sun karɓi addinin Kirista, raye-rayensu kuma suka gauraya da na Turai. Amma mazauna duwatsu da mutanen kudu ba su shiga hannun Sifaniyawa sosai ba, don haka suka riƙe al'adunsu. Su ne abin dubawarmu a nan, kuma za mu kasa su gida uku.

2.0 Mutanen Duwatsun Kodilera

A arewacin tsibirin Luzon akwai ƙabilun da ake kira Igorot a jimlace, irin su Ifugao da Kalinga da Bontok da Ibaloi. Manoman shinkafa ne, masu sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin dutse. Babban abin kiɗansu shi ne gangsa, wato faranti shimfiɗaɗɗe na tagulla, wanda ake bugawa da tafin hannu ko da ɗan sanda. Kowane makaɗi faranti ɗaya yake riƙewa, kuma bugunsa guntu ne kawai na kiɗan. Sai bugun kowa ya shiga tsakanin na ɗan'uwansa kafin kiɗan ya cika. Saboda haka mutum ɗaya ba ya iya tada wannan kiɗa.

Rawar bendian ta Ibaloi a da'ira ake yin ta, maza da mata na kewayawa. A da, ana yin ta ne don tarbar mayaƙa da suka dawo da nasara. Daga baya ta zama ta godiya da neman lafiya. Salidsid kuwa rawar neman aure ce ta Kalinga, inda namiji yake kwaikwayon zakara mai zagaya kaza. Ifugao suna da dinuya, wadda ake yi a manyan bukukuwa. A wajen Kalinga, kiɗan gangsa da rawa suna cikin bikin ƙulla bodong, wato yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin ƙauyuka. A irin wannan wuri rawa shaida ce a gaban jama'a cewa gaba ta ƙare.

3.0 Ƙabilun Lumad na Mindanao

Lumad suna ne da ya haɗa ƙabilun tsibirin Mindanao waɗanda suka tsaya kan addinin gargajiya, kamar Tiboli da Bagobo da Manobo da Talaandig. Tiboli na yankin tafkin Sebu suna da rawar kadal tahaw, wadda take kwaikwayon tsalle da tashin wani tsuntsu. A lardin Bukidnon akwai dugso: mata ne suke jeruwa suna taka ƙasa, da ƙananan ƙararrawa ɗaure a ƙafafunsu kamar akayau. Ba a buƙatar makaɗi, domin takun ƙafar shi ne kiɗan. Dugso ɓangare ne na ibadar roƙo da godiya ga iskokin da suka yi imani suna tsaron gona da lafiya.

4.0 Musulmin Kudu

Kashi na uku su ne Maranao da Magindanao da Tausug da maƙwabtansu, waɗanda Musulunci ya iso gare su ta hanyar fatake tun kafin zuwan Sifaniyawa. Kiɗansu shi ne kulintang, jerin ƙananan tasoshin tagulla masu cibiya, galibi guda 8, tare da manyansu da ake kira agung da ganga mai suna dabakan.

Rawar da ta fi suna a nan ita ce singkil ta Maranao. Mai rawa tana taku a tsakanin dogayen gorori da aka gitta, ana buga su da juna, ba tare da sun kama ƙafarta ba. Ana danganta rawar da labarin gimbiya Gandingan a cikin doguwar waƙar baka ta Darangen, wadda UNESCO ta sanya cikin fitattun kayan gado na baka a 2005. Sagayan rawar jarumta ce ta maza da garkuwa da takobi. Tausug na tsibiran Sulu kuwa suna da pangalay, wadda gwanintarta tana ga lanƙwasa yatsu da wuyan hannu a hankali. Wani lokaci mai rawa takan sa dogayen farata na ƙarfe da ake kira janggay.

5.0 Daga Buki Zuwa Dandali

Tun cikin shekarun 1920 Francisca Reyes-Aquino ta fara zagaya ƙauyuka tana rubuta takun raye-raye domin a koyar a makarantu. Daga baya ƙungiyar rawa ta Bayanihan ta yi wasa a bajekolin duniya na ƙasar Beljiyam a 1958, kuma daga nan duniya ta san singkil. Sai dai singkil ɗin dandali ba daidai take da ta gida ba. A asali rawar mata ce. A dandali aka ƙara mata yarima da ƴan rakiya da labarin soyayya mai farko da ƙarshe. Haka nan akan gajarta bukin da yake ɗaukar kwanaki ya koma wasan ƴan mintoci.

Wannan aiki yana da amfani, domin ya adana taku da yawa da wataƙila da sun ɓace, ya kuma sa ƴan birni suka san mutanen duwatsu. Amma yana da illa ta fuskoki biyu. Ta farko, ƴan kallo sukan ɗauki abin da aka tsara a matsayin asali, har wasu ƴaƴan ƙabilar su koyi rawarsu daga dandali. Ta biyu, ana iya yaba rawa a birni alhali masu ita suna rasa ƙasar da take da tushe a ciki. Misali, a 1980 sojoji suka kashe Macli-ing Dulag, dattijon Kalinga da ya jagoranci adawa da gina madatsar ruwa a kogin Chico, wadda da ta nutsar da gonaki da ƙauyuka.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. A 1992 aka kafa lambar girma ta gwanayen gargajiya, wadda Alonzo Saclag, makaɗi kuma mai rawa ɗan Kalinga, ya samu a 2000. A 1997 kuma aka yi dokar haƙƙin ƙabilun asali mai lamba 8371, wadda ta amince da ikonsu a kan ƙasar kakanninsu da al'adunsu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, a fili yake cewa taku kaɗai ba ya bayyana ma'anar rawa. Duk ɗalibin da zai yi nazarin wata rawa, a Filifin ko a gida, ya kamata ya tambayi abubuwa huɗu: su wa suke yin ta, a wane lokaci, don wa ake yin ta, kuma wa ya tsara siffar da yake gani. Amsoshin nan ne za su nuna masa ko rawar buki yake kallo ko ta dandali.