Karatun tarihin zane da sassaƙa: wane aiki yake kai mutum?

A shekarar 2021, ƙasar Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan sarauta guda 26 waɗanda sojojinta suka kwashe daga fadar Abomey a 1892. Abin da ya share hanyar wannan mayarwa shi ne rahoton da masana biyu suka rubuta a 2018, watau Felwine Sarr ɗan ƙasar Senegal da Bénédicte Savoy ƴar ƙasar Faransa. Ita Savoy, fanninta shi ne tarihin fasahar hannu: zane da sassaƙa da gini da ƙira.

Wannan karatu mai tsawo ne. Bayan jarrabawar bak, ɗalibi yana yin shekara uku ya samu lisansi, ya ƙara biyu ya samu masta, sa'an nan aƙalla uku in yana neman dokta. A can ake koya masa ya dubi abu, ya faɗi abin da aka yi shi da shi, da inda aka yi shi, da zamanin da aka yi shi, da hannuwan da ya ratsa. A birnin Paris akwai makarantar gidan tarihi na Luvur, wadda aka kafa tun 1882. A Afirka kuma, an buɗe makarantar horar da masu kula da kayan tarihi a Porto-Novo a 1998.

Wanda ya gama yana iya zama mai kula da gidan tarihi, kamar na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959. Yana iya koyarwa a jami'a, ko ya yi aiki a ma'aikatar al'adu, ko ya taimaki ƴan duwan su gane kayan da aka hana fitarwa. Amma guraben kaɗan ne, sau da yawa kuma sai an ci jarrabawar gasa.

Labarin Bura ya isa nuna amfanin waɗannan masana. A 1975 aka gano tukwane da mutum-mutumin yumɓu a can cikin yankin Tera, masanin tono Boubé Gado kuma ya yi bincike a wurin a 1983. Da sunan Bura ya kai Turai, sai masu tonon sata suka faɗa wa kaburburan, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya, a shekarar 2000. Tukunyar da aka tone ba tare da rubuta inda take ba, tarihinta ya ɓace har abada.

Saboda haka, ƙasar da ke neman a mayar mata da kayanta, wajibi ne ta tanadi masu karɓa da adanawa. Ya rage ga hukuma ta ware guraben karatu, ta kuma tanadi aikin da ƴaƴanta za su tarar in sun komo gida.