Gobarar Daji da Baitulmalin Ƙaramar Hukuma

Wanda duk ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos da dare, wadda ta ratsa dajin Falgore, tsakanin watan Disamba da na Fabrairu, da wuya ya kai masauki bai hangi jan layin wuta yana tafiya a gindin duwatsu ba. Direbobi sun saba da ita har ba su ko rage gudu. Washegari sai a tarar da ƙasa baƙi ƙirin, toka na tashi, shirwa na shawagi tana neman abin da wuta ta koro. Da yake abin yana faruwa kowace shekara, mutane da yawa sun ɗauke shi kamar hazo ko sanyi, watau wani abu da hunturu ke zuwa da shi, ba mai iya hana shi. Wannan lacca kuwa za ta dubi al'amarin ne ta fuskar mulki: wane ne aka ɗora wa tsare daji daga wuta, wa ke biyansa, kuma a wane wata kuɗin aikin ke isa hannunsa.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, ya kamata a fahimci halin wutar, domin shi ne ke nuna irin ma'aikacin da ake bukata. Kusan dukan gobarar dajin ƙasar nan hannun mutum ne ke tayar da ita. Mafarauta kan cinna wuta don su koro gafiya da zomo. Mai ɗibar zuma kan yar da bakin wutar da ya kori ƙudan da shi. Manomi kan ƙona sharar gona, iska ta kwashe masa ita. Makiyayi kan ƙona tsohuwar ciyawa don sabon toho ya fito. Ga kuma masu gawayi. Amma barnar wuta ba ta dogara ga wanda ya kunna ta kamar yadda ta dogara ga lokacin da aka kunna ta. Wutar da ta tashi a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka kuma raɓa na sauka da dare, takan tafi a hankali, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta in dare ya yi. Wadda ta tashi a Fabrairu ko Maris, bayan iskar hunturu ta busar da kome, takan yi tsawon da ya wuce mutum, ta kashe 'ya'yan itatuwa, ta babbake furen kaɗanya da ɗorawa, ta bar ƙasa tsirara har ruwan farko ya zo ya wanke ta.

An gwada wannan a aikace tun da daɗewa. A shekarar 1929 ma'aikatan gandun daji sun keɓe filaye uku a Olokemeji, a yammacin Ibadan. Ɗaya ana ƙona shi da wuri kowace shekara, ɗaya a ƙarshen rani, na ukun kuwa aka hana wuta shigarsa sam. Bayan shekara kusan 30 da aka auna, filin da aka tsare ya kama hanyar zama kurmi, wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwa masu yawa, wanda kuwa ake ƙonawa a makare ya koma ciyawa da tsirarun itatuwa masu jure wuta. Irin wannan gwaji ne ya ƙarfafa dabarar ƙunar wuri, watau ma'aikacin daji ya riga mai barna, ya ƙona wasu sassa da kansa tun wuta ba ta da ƙarfi, don in ta makare ta zo ta rasa abin ci.

Sai dai fa dabarar ba ta kowane wuri ba ce. A kudancin Kaduna da Bauchi da Neja, inda gamba da 'yan'uwanta ke da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, ciyawa takan sake toho bayan ƙuna. A can arewa kuwa, wajen Yobe da arewacin Jigawa da Sakkwato, yawancin ciyawar mai shekara ɗaya ce. In ta ƙone, ta ƙone ke nan sai damina mai zuwa, dabbobi kuma su wayi gari ba abincin wata shida ko bakwai. A irin wannan wuri ba a maganar ƙunar wuri, sai dai share hanyoyin tare wuta, a yanka daji gida gida yadda in wani yanki ya kama sauran za su tsira. Saboda haka umarni guda da aka rubuta a Abuja ba zai dace da ko'ina ba. Akwai dokokin hana ƙunar daji da hukumar NESREA ta fitar a 2011, amma takarda ba ta san ranar da ciyawar wani kwari ta isa ƙuna ba. Wanda ya san wannan shi ne mutumin da ke taka dajin da ƙafarsa, ya san mashigar mafarauta, ya san ruga nawa ce a bakin rafi, kuma dagaci ya san fuskarsa.

A zamanin En'e akwai irin wannan mutum, kuma an san inda albashinsa ke fitowa. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba da damar a keɓe gandaye, kuma a Arewa mafi yawansu suna ƙarƙashin En'e ne. Kowace babbar En'e tana da sashen daji, da shugabansa wanda a wasu masarautu ake kira Sarkin Daji, da malaman daji a gundumomi. Albashinsu daga baitulmalin En'e yake fitowa, wanda haraji da jangali ke cikawa. Da kaka ta yi, hakimi kan umarci dagatai su fito da mutane a share iyakar gandu. Ba a cewa tsarin ba shi da aibi. Talakawa sun sha wuya a hannun wasu malaman daji da suka mai da tara hanyar cin abinci, an kuma ƙwace wa mutane gonaki da sunan gandu, aikin share iyakar ma sau da yawa na tilas ne. Amma dai ta fuskar tsari, mai ba da umarni da mai biyan kuɗi da mai hukunta wanda ya saɓa duk hukuma ɗaya ce, dajin kuma yana cikin iyakarta.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301, waɗanda aka yi ta ƙarawa har suka kai 774 a 1996. Dajin da hukuma ɗaya ke riƙe da shi ya rabu tsakanin hukumomi da dama. Falgore ta taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, dajin Rugu kuwa ya ratsa Safana da Batsari da maƙwabtansu. Wuta ba ta tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma, amma hurumin ma'aikaci yana tsayawa. Bugu da ƙari, wasu gandayen suka koma hannun ma'aikatun jiha, wasu suka rage wa ƙananan hukumomi, kowane ɓangare yana tsammanin ɗayan ne zai share iyaka. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa bunƙasa aikin gona da albarkatun ƙasa cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke taya jiha, bai kuwa fayyace rabon kowa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filayen noma da kiwo a karkara. Wannan ya sa hukumar da ake so ta tsare daji ita ce kuma ke fuskantar matsin masu neman a yanka musu shi.

To, yanzu sai maganar kuɗi. Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanada, inda ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa kafin ragowar ta isa sakatariya. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Amma ko da kowace naira ta iso, akwai cikas uku da za su hana ta kaiwa bakin daji, kuma duk a cikin gida suke.

Na farko shi ne kalanda. Da can shekarar kuɗi ta gwamnati daga Afrilu take farawa ta ƙare a Maris, saboda haka rani ɗaya yana cikin kasafi ɗaya. Tun farkon shekarun 1980 aka koma Janairu zuwa Disamba. Aikin share hanyar wuta da ƙunar wuri dole a yi shi a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ɗan abin da aka ware wa sashen ya ƙare, ma'aji kuma yana shirin rufe littafi. Sabon kasafi ba ya fara sakin kuɗi sai an yi nisa cikin shekara, sa'ad da wuta ta riga ta ci abin da za ta ci. Naira ɗaya a Oktoba ta fi naira goma a Maris amfani ga wannan aiki, amma littafin ma'aji bai san da wannan bambanci ba.

Na biyu shi ne yadda ake kallon sashen daji a matsayin wurin tara kuɗin shiga. Ana auna malamin daji da yawan rasit ɗin da ya yanka wa masu itace da gawayi da katako. Ba a tambayarsa kadada nawa ce ta tsira daga wuta a bana, domin ba wani gurbi a takardar rahoton wata da za a rubuta gobarar da ba ta tashi ba. Ma'aikacin da aka ce darajarsa tana ga abin da aka sare, ba abin mamaki ba ne in ya fi zama a bakin kasuwa da shingen hanya fiye da cikin gandu.

Na uku ya shafi son aikin da ido ke gani. Dashen itatuwa yana da biki, yana da hoto, yana da kwangila. Tun bayan farin 1973 ake ta zuba kuɗi wajen dashe a arewacin ƙasar nan, daga shingayen itatuwa na wajen Dambatta, zuwa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, zuwa shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Kuɗin irin waɗannan shirye-shirye na manyan ayyuka ne, kuma suna da ranar ƙarewa. Tsaron abin da aka dasa kuwa aikin yau da kullum ne, wanda ke komawa wuyan jiha da ƙaramar hukuma bayan masu shirin sun naɗe tabarmarsu. Dashen dogon yaro ko turare mai shekara uku, in ciyawa ta cika tsakaninsa ba a share ba, yini ɗaya ya ishi wuta ta gama da shi.

Game da ma'aikata kuwa, ba a rasa inda za a horar da su ba. Makarantar koyon aikin daji ta Ibadan tana nan tun 1941, ta Jos tun 1958, ga kuma sassan jami'o'i. Matsalar tana ga guraben. A yawancin ƙananan hukumomi aikin daji wani ɗan reshe ne a ƙarƙashin sashen aikin gona, shugaban sashen kuma galibi masanin noma ne ko na dabbobi, hankalinsa na kan taki da allurar shanu. Manyan ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama suna hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, wadda ke iya ɗauke mutum daga dajin da ya shekara biyar yana koyo ta kai shi inda ba gandu ko ɗaya. In tsohon malamin daji ya yi ritaya, sau da yawa gurbinsa kan zauna ba kowa, abin da ya sani na iyakoki da duwatsun alama kuma ya tafi gida tare da shi.

Maƙwabta sun gwada hanyoyin da suka cancanci a duba. Bayan mummunar gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko da na abinci a Ghana, an yi doka a 1990 wadda ta ɗora wa majalisun gundumomi kafa kwamitin gobarar daji, ta kuma tanadi ƙungiyoyin sa kai na kashe wuta a ƙauyuka. Inda aka ci gaba da ba su horo da kayan aiki sun yi amfani, inda aka bar su da suna kawai sun watse. A Jamhuriyar Nijar kuwa, a yankunan kiwo na Tawa da Maradi da Damagaram, akan biya mutanen karkara lada bayan damina su share dogayen hanyoyin tare wuta, ma'aikatan daji suna nuna musu inda za a bi. Ciyawar da aka kwashe ma ba a zubar da ita, ajiye ta ake yi ko a sayar wa masu dabbobi da bazara.

Kuɗin da ake magana a kai ba masu yawa ba ne. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. In ƙaramar hukuma ta ɗauki leburori 10 daga ƙauyukan bakin gandu na wata uku, Oktoba zuwa Disamba, ladansu duka naira 2,100,000 ne, sai kuɗin adda da manjagara da man babur. Abin da ake bukata shi ne a ba wannan kuɗi layinsa daban a kasafi, a rubuta cewa za a sake shi kafin ƙarshen Satumba, a kuma hana karkatar da shi. Ya kamata a mayar wa gandu wani kaso na abin da aka tara daga lasin itace da gawayi, a tabbatar da gurbin malamin daji guda mai horo ga kowane gandu, ƙananan hukumomin da suka haɗa daji ɗaya kuma su sa rana ɗaya ta ƙuna tare da hakimai da ardo-ardo da sarakunan dawa.

Akwai wani abu da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana sun zama mafakar 'yan bindiga, ma'aikacin da ke ɗauke da adda da littafin rasit ba ya iya shigarsu. A watan Mayu na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da ɗaukar dakarun tsaron daji masu makamai. Aikin waɗannan na tsaro ne, horonsu da shugabancinsu ma na tsaro ne. Haɗarin da ke akwai shi ne masu tsara kasafi su ga an ɗauki masu gadin daji, su ɗauka an cike gurbin malamin daji, su soke shi. Bayan dakaru sun buɗe hanya, share iyaka da zaɓen ranar ƙuna da zama da makiyaya suna nan suna jiran mai yinsu, kuma gandaye da yawa a Jigawa da Gombe da Bauchi da Kano ana iya shigarsu a fara wannan aiki tun Oktoba mai zuwa.