Tana ba ta maƙoƙo, amma danginta na ajiyar aidin

Da an sheƙa ruwan damina sai a ga tana ta fito tana jan jiki a tsakar gida, kaji na wawasonta, yara masu kamun kifi na tsinta suna sokawa a ƙugiya. Ba ido, ba huhu, ta fata take numfashi. Ba ta kuma da 'yar tsokar nan ta gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, wadda ke tara aidin a jikin mutum, in ta rasa shi ta kumbura ta zama maƙoƙo.

To me ya haɗa ta da aidin? Cimarta. Ƙasa take haɗiya haɗe da ruɓaɓɓen ganye, aidin ɗin cikin ƙasa kuwa a jikin irin wannan ruɓaɓɓen abu ya fi maƙalewa.

Inda yake zuwa bayan ya shiga jiki, nan ne abin mamakin. A 1954 wani masani a Amurka, Aubrey Gorbman, da abokan aikinsa suka ba wasu tsutsotsi dangin tana da dodon koɗi wani aidin da na'ura ke iya bin sawunsa. Sai suka iske ya fi taruwa a wuraren da ke da tauri: gashin jiki, fatar waje, da haƙoran da wasu tsutsotsin teku ke da su a maƙogwaro. Gashi a jikin tana? Ƙwarai kuwa. Tanar lambun Turai guda takwas gare ta a kusan kowace gaɓa, da su take dafe ramin da take haƙa. A aza ta kan busasshiyar takarda a kasa kunne, za a ji tana ƙaras-ƙaras.

A waɗannan wuraren aidin kan manne da wani sinadari mai suna tayirosin, wannan haɗin kuwa na cikin matakan farko da tayirod ɗin mutum ke bi wajen sarrafa aidin. Tun 1896 Edmund Drechsel ya samo irin wannan haɗin a jikin wani murjanin teku. Wato dabarar ta girmi tayirod nesa ba kusa ba, halittu marasa ƙashin baya sun riga mu iya ta.

Ga mutum kuwa, aidin ya zame tilas. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 a kullum, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin miya.