Ƙullutun Kitse a Cikin Baki: Kar a Kai Shi Wurin Wanzami



Maigida, idan kai ko wani a gidanka ya ji ɗan ƙullutu mai laushi a cikin kumatu, a harshe, ko ƙarƙashin harshe, ba ya ciwo, yana girma sannu a hankali, to mai yiwuwa kitse ne ya taru wuri guda. Likitoci na kiransa lifoma. Ba ciwon daji ba ne, ya fi samun waɗanda suka haura shekara 40, kuma sau da yawa launinsa na ɗaukar rawaya-rawaya. Azumi ko rama ba sa narkar da shi, tsimi ma haka.

Amma fa ido kaɗai ba ya tantancewa. Kumburin jijiyar jini, toshewar hanyar miyau, har da ciwon daji a farkonsa, duk suna iya kama da shi. Shi ya sa muke roƙonka kar a yi masa sakiya, kar a sa aska. In jijiyar jini ce, jinin zai yi wuyar tsayawa. In daji ne, an ɓata lokaci.

Ga yadda ake ganewa: likitan haƙori zai duba, ya taɓa, ya tambayi tun yaushe ya fito. In ya yi zurfi, a yi sikanin. Sannan a yi allurar kashe zafi a cire shi, a aika naman ɗakin gwaje-gwaje. Wannan gwajin ne ke raba gardama. In aka cire shi duka, da wuya ya dawo.

Mutanen Wurno, Rabah da Goronyo, ku fara da babban asibiti mafi kusa, in da buƙata a tura ku sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku hanzarta in ƙullutun ya yi tauri, yana jini, ko gyambo ya kai mako 2 bai warke ba, musamman ga mai shan taba.

Neman magani sunna ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, shi kansa ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.