Gaskiya ko Jita-jita: Kyamarar Zafi Tana Ganin Kowace Dabba Daga Sama?

Finafinan Amurka sun ɓata mana tunani a kan wannan na'ura. Ana nuna jirgi yana shawagi cikin dare, sai ga mutum ya fito fari fat a allo, ko da yana bayan katanga. Shi ya sa wasu ke ɗauka cewa da an ɗaura irinta a ƙaramin jirgin Cessna, ƙidayar namun daji ta zama shan ruwa.

An ce tana gani cikin duhu. Wannan gaskiya ne. Ba ruwanta da hasken rana, zafin da jiki ke fitarwa take kamawa, wato hasken nan da ido ba ya gani wanda William Herschel ya gano a 1800.

An ce tana gani ta cikin ganye. Jita-jita ce. Barewar da ta kwanta ƙarƙashin tsamiya mai duhuwa ta ɓace mata ke nan. Don haka ne masu ƙidayar barewa a Amurka suke jiran hunturu, lokacin da itatuwa suka kaɗe. Kai, ko gilashin tagar jirgin ma tare zafin yake yi. Wanda ya riƙe kyamarar yana leƙe daga kujerarsa, zafin tagar zai ɗauko, har da inuwar fuskarsa. Dole a ɗaura ta a waje ko a huda mata ƙofa a ƙasan jirgin, kuma idonta da sinadarin jamaniyom ake yin sa, wanda yana cikin abin da ke sa ta tsada.

Maganar da ta fi yaudarar mai saye ita ce wai da tsada ake gane mai kyau. Akwai ƙamshin gaskiya: mai injin sanyaya ciki, wadda ake saukar da sanyinta zuwa wajen digiri 196 ƙasa da sifiri, ta fi ɗauka da sauri, hotonta ba ya dishi-dishi idan jirgi na gudu. Amma kyamarar bambanci take nema tsakanin dabba da ƙasar da take tsaye a kai. A ɗauki daji irin Yankari a watan Afrilu. Kafin azahar duwatsu da suri da fako duk sun gasu, wasu sun fi jikin dabbar zafi, allon ya cika da ɗige-ɗigen fari, ba ka bambance gada da dutse. Mai araha da asuba ta fi mai tsada da tsakar rana.

Sai a yi lissafi kafin a biya kuɗi. Kyamara mai ɗigo 640 a faɗi, idan tana ɗaukar fili mai faɗin mita 160, kowane ɗigo santimita 25 ne. Dabba mai tsawon mita ɗaya ɗigo huɗu ce kacal. Za ka san akwai abu mai rai, amma barewa ce ko akuyar makiyayi? Sai an haɗa da kyamarar hoto ta yau da kullum a gefenta.

Shin ta kori idon mutum? Tukuna. Babbar ƙidayar giwayen Afirka da aka bayyana sakamakonta a 2016, wadda ta ƙirga giwaye 352,271 a ƙasashe 18, mutane ne zaune a ƙananan jirage suka yi yawancinta, suna leƙe ta taga daga tsayin ƙafa 300.